Ranar da Na Rufe wa Tsofaffin Wayoyi Ƙofar Dara

Ranakun aikin nan da yawa sun cakuɗe a kaina, amma ranar da na rufe wa tsofaffin wayoyi ƙofar wasanmu ban taɓa mantawa da ita ba, kuma ba na jin zan manta. Na ga takardar da kuka ajiye mini a kan tebur, ku sababbin shiga, kuna neman a daina karɓar zubi na uku na wasanmu, wato fitowarsa ta uku. Na karanta, hujjojinku ba laifi. Kafin in sa hannu ko in ƙi, ku jawo kujeru ku ji abin da ya faru lokacin da ni ma na rubuta irin wannan takarda. Tawa ma ta fi taku zafi.

Ga wanda bai san aikinmu ba, dara ce muka sa a cikin waya. Darar nan dai da dattawa ke tona wa gurabe talatin a ƙasa, wannan da tsinke goma sha biyu, wancan da tsakuwa goma sha biyu, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin wasansa guda. 'Yan sa-kai ne suka rubuta ta, suka bar rubutun a buɗe. Duk wanda ya iya sai ya karanta, ya gyara, ya kwafa ya ba wani, ba mai tambayarsa dalili. Abu ɗaya ne ba a yawo da shi a aljihu, shi ne uwar na'ura, wadda duk wayoyin ke haɗuwa a cikinta. In ka tura ɗa a Malbaza, ita ke karɓa ta miƙa wa abokinka ko yana Abijan. Tana nan Konni, a ɗakin bayan buronmu, wato ofishinmu, kuma ni Rakiya ni ce mai riƙonta tun wancan lokaci. Shugaban aikin shi ne Injiniya Mustafa, yana zaune Yamai. Mu shida ne masu ƙuri'a a kan duk wani babban canji.

Wasan yana fita zubi-zubi. Zubin farko ɗan ƙarami ne, ba wayar da ba ta ɗaukarsa, kuma rezo, wato sabis na waya, kaɗan yake buƙata. Inda murya ba ta wucewa, shi yana wucewa. Ba ya tambayar suna, ba ya tambayar lamba. Mutum biyu ne za su zauna su haɗa wayoyinsu gefe da gefe, wayoyin su yi musayar wata ɓoyayyar shaida da muke kira makulli, shi ke nan wasa ya ɗauru, kowa ya tafi inda za shi. Aibinsa ɗaya: da wasan ya ƙare, ɗaurin ya kwance, sai an sake zama wuri guda an haɗa. Zubi na biyu ne ya kawo rajista da lambar waya, da jerin abokai, da gasa, da saƙon murya. Da ya fito muka ɗauka kowa ya koma can.

Matsalar ita ce ƙofar da zubin farko ke shiga ta cikinta ba ta da tsaro. Wasu marasa aikin yi suka gano haka, suka riƙa turo shirme ta nan har uwar na'ura ta cushe ta faɗi. Sau uku a wata guda, ana tsakiyar gasa. Duk faɗuwa ni ake kira, ni ake zagi a shafinmu, ga zafin bazara, ga kuran, wato lantarki, yana zuwa yana ɗaukewa. Kun san halina, ba na iya haɗiye abu. Na zauna na rubuta takarda cewa a toshe tsohuwar ƙofa gaba ɗaya.

Hujja uku na kawo. Ta farko ita ce ɓarnar da na faɗa muku, kuma har gobe gaskiya ce. Ta biyu, allon ƙididdigarmu ya nuna kusan ba kowa a tsohon zubi. Ta uku ita ce wadda na fi alfahari da ita. Cikin bincikena na ci karo da wani wasa da ya haura shekara biyu ana yinsa, kullum wannan ɓangare ya matsa ɗa sau ɗaya, wancan ya matsa sau ɗaya, kuma ba a taɓa cin ko ɗa guda ba. Duk ashirin da huɗun suna nan. Na ɗauki hoton allon na liƙa a takardar, na rubuta a ƙasa cewa ga irin sharar da muke ɗauke da ita, wayoyi biyu da suka zauce suna hira da juna. Wane ɗan adam ne zai yi shekara biyu yana dara bai ci ba, ba a ci shi ba? 'Yan kwamiti suka yi ta dariya.

Injiniya Mustafa kaɗai bai yi dariya ba. Ya kira ni ya ce, "Rakiya, kin tabbata ba mutane cikin abin nan?"

Na ce, "Shef, in akwai su, su sayi tarho na kirki. Ba mu iya goya kowa har abada."

Haka na faɗa, ba ƙari ba ragi. Na ma sake rubuta shi a zauren shawara, yana nan, duk mai so ya je ya karanta.

Ƙa'idarmu ita ce mako biyu na shawara, sai ƙuri'a, sai sanarwa ta kwana arba'in, sannan a rufe. Mun bi ta tsaf, ba mu tsallake ko mataki ɗaya ba. Sanarwar ni na rubuta ta, da Faransanci da Hausa, muka sa a shafinmu, muka sa a cikin zubi na biyu ta yadda duk wanda ya buɗe sai ya gani. Zubin farko kuwa ba shi da wurin nuna sanarwa. Na san haka sarai, kawai dai ban tsaya na haɗa lissafin ba. Allon ƙididdigar da na dogara da shi kuma masu rajista kaɗai yake ƙirgawa, alhali zubin farko ba ya rajista. Wato mun shiga ɗaki mun kulle, muka tambayi na ciki ko akwai wanda aka bari a waje.

Akwai kuma abin da mu 'yan buro ba mu sani ba. A ƙauyuka ba wanda ke zuwa shafinmu ya sauko da wasa. Masu sharjin waya ne a kasuwanni ke zuba wa mutane shi a kat memwar, ɗan katin ajiya na waya, tare da wa'azi da waƙoƙi, daga waya zuwa waya. Abin da suka samu tun farko shi suke ta rabawa, kuma shi ne zubin farko.

Wata Litinin da hantsi na rufe. Layi ɗaya na canza, ban yi minti biyu ba. Uwar na'ura ta yi sakayau, na aika aka sayo mini zoɓo mai sanyi na sha, na yi wa kwamiti albishir. Daga wannan lokaci duk tsohuwar wayar da ta nemi shiga sai ta nuna wa mai ita alamar babu rezo, irin wadda take nunawa in rezon ne ya ɗauke da gaske. Ba ta san wata magana ba sai wannan.

Kwana goma sha uku bayan haka, wajen azahar, kabu-kabu ya sauke mutum biyu a ƙofar buro. Wani dogon dattijo siriri, tafin hannunsa duk kaushin aikin lambu, da wata mata da ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba. Suka yi sallama, matar ta ce, "Madam, nan na buron dara? Mai sharjin garinmu na yac ce mu zaka nan."

Na ce nan ne, daga ina?

"Daga wani ƙauye bayan Badagishiri. Sunana Zainabu, wanga surukina na, Baba Ummaru. Tarhonai na yaƙ ƙi. Yau kwana goma sha ukku, kullum babu rezo. Mun hau tudu, mun tahi har bakin titi, mun canza sim, duk ɗaya."

Dattijon ya ciro wayar daga aljihun ciki, a naɗe cikin tsumma, an ɗaure bayanta da roba. Kallo ɗaya na yi mata na gane. Na gyara zama na fara karanto musu abin da na haddace: wannan zubi an daina shi, an yi sanarwa kwana arba'in, su nemi wayar zamani a sa musu sabo. Ina magana dattijon yana kallon bakina.

Zainabu ta ce, "Ba shi ji, Madam, sai an kusanta an ɗaga murya, shi ma rabi da rabi. Kuma ba wasa muka biɗa ba. Mutum muka biɗa."

Na ce wane mutum? Ta sunkuyar da kai. Na matsa kusa da kunnen tsohon na tambaye shi da ƙarfi, ya ce, "Yaron." Na ce sunansa fa? Ya kau da fuska. Sai a lokacin na gane ɗan fari ne, uban ba zai kama sunansa ba, matar ma ba za ta kama sunan mijinta ba. Ga ni da biro a hannu ina jiran suna, ga mutum biyu da suka taso tun daga Badagishiri saboda shi, ba mai iya faɗa. Can Zainabu ta ce a hankali, "Sunan Annabin da 'yan'uwanai sunka jehwa rijiya garai." Na rubuta Isuhu.

Ta ba ni labarin a tsaye, duk da na miƙa mata kujera. Isuhu ya tafi ci-rani Libiya. Kafin ya tashi, shi da ubansa suka je wurin mai sharji aka zuba musu dara, suka haɗa wayoyinsu, domin tsohon ba ya jin kira, ba ya karatu, amma dara kam ko cikin barci yana ganinta. Watannin farko Isuhu yana kiran Zainabu. Daga baya ya kira sau ɗaya da wayar wani, cikin gaggawa, ya ce an kai shi wata gona can cikin sahara, mai gonar ya karɓe takardunsa da sim ɗinsa, ba fita. Tsohuwar wayar kaɗai aka bar masa don an raina ta. Amma akwai wani lungu a bayan gidan mai gonar inda take ɗan kama rezon gidan, ba ya isa kira, yana dai isa a tura ɗa. Ya ce su riƙa duba dara. Muddin tsakuwa na motsi, yana raye.

Ta ce, "Shi ke nan abin da muke da shi. Ba mu san sunan garin ba, ba mu san mai gonar ba. Kullum da hantsi Baba shi tahi wurin mai sharji shi matsa tsinkenai, kahin gobe mu iske tsakuwa ta matsa. Sai in dahwa tuwo da daɗin rai."

Na karɓi wayar na buɗe wasan. Allon ƙarshe yana nan a daskare. Na ƙirga, ashirin da huɗu. Ban buƙaci ƙirgawar ba ma, na san wasan nan, ni na ɗauki hoton allonsa na liƙa a takarda aka yi dariya. Wallahi na rasa inda zan sa idona.

Baba Ummaru ya ga ina kallon allon, sai ya ɗauka raina wasansa nake yi. Ya sa yatsa a kan gilashin, ya yi magana da ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa. "Kada ki ga haka ki ce ban iya ba, ɗiyata. Tambaya duk kwarin Badagishiri wa az zama da ni yat tashi shina dariya. Ga ci nan, ga wani nan, ina ganinsu kullum in kauce. Shi ma shina gani shi kauce, ni nik koya mai. In munka ci juna wasa ya ƙare. In ya ƙare, ina za ni ganin shi mu haɗa tarho?"

Abin da na kira shara ke nan. Gwanaye biyu, shekara biyu suna kauce wa nasara kullum, wanda ya fi cin wasan wuya nesa ba kusa ba.

Na ce su zauna, na shiga ɗakin baya. Uwar na'ura tana ajiye rajistar duk wayar da ta nemi shiga aka hana ta, har na wata guda. Tun ranar da na rufe ban leƙa rajistar nan ba, don ban ga dalili ba. Na ciro makullin wayar Baba, da shi na gano makullin abokin wasansa, na nema a rajistar.

Yana nan. Ranar Litinin da na rufe ya nema da yamma, aka hana shi. Talata ya nema. Laraba ya nema sau biyu. Haka kullum, wani lokaci da rana tsaka, wani lokaci da la'asar, duk sa'ad da ya samu ya saci jiki zuwa lungun. A rana ta goma sha ɗaya ya nema ya sake nema, a jere a jere, har layukan suka cika mini allo, kusan awa guda. Daga nan shiru. Rana ta goma sha biyu babu, ta goma sha uku babu.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Da na ɗaga idona daga makullinsa na dubi rajistar gaba ɗaya, sai na yi ta ja tana zuwa, ba ta da ƙarshe. Duk mutanen da allona ya ce babu su, ga su nan a jere a bakin ƙofa.

Na kira Injiniya Mustafa nan take. Na ce ina son in buɗe ƙofar yanzu.

Ya ce, "Rakiya, ke kika kawo takarda, aka yi ƙuri'a. Ba a warware ƙuri'a da kiran tarho. Kuma masu ɓarnar nan suna nan suna jira."

Na ce, "Shef, ba ga kowa ba. Wasannin da ad ɗaure kahin mu ruhe, su kaɗai. Sabon makulli ba shi shiga, masu ɓarna ba su da hanya."

Ya ce, "Ana iya yin haka?"

"Ana iyawa."

"Tun farko ana iyawa?"

Na ce tun farko. Aikin rabin yini ne. Ban kawo shawarar ba ne don na gaji da ƙofar, ina son in ga bayanta. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi jin sauƙi. Cewa kawai ya yi in buɗe, shi zai yi wa kwamiti bayani.

Aikin rabin yinin nan cikin awa biyu na gama shi. Na fito na haɗa wayar Baba da rezon buro. Allon ya farfaɗo, kuma tsakuwa ɗaya ta matsa gurbi guda. Tsohon ya zabura ya ce, "Alhamdu lillahi! Ya matsa!" Zainabu ta dafe ƙirji ta durƙushe. Ni kuwa na san wannan motsi tsoho ne, na safiyar Litinin ɗin da na rufe, ya shigo kafin in canza layin, wayar Baba ce ba ta samu karɓa ba sai yanzu. Na tsaya ina kallonsu suna murna, ina da zaɓi in yi shiru su koma gida da ita.

Ban yi shiru ba. Ba don jarumta ba, don na san gobe za su duba su ga ba motsi, kuma ba zan iya sake yi musu wata ƙaryar a kan wadda wayar ta yi musu kwana goma sha uku ba. Na faɗa wa Zainabu komai, cewa ba rezo ba ne, mu ne, ni ce. Ta saurara har na gama. Sannan ta matsa kunnen surukinta ta faɗa masa da ƙarfi, don ba yadda za a faɗa masa a hankali. Duk wanda ke buron ya ji, har masu wucewa a titi suka waiwayo.

Baba Ummaru ya dube ni. Ya ce, "Kwana goma sha ɗaya shina sallama?"

Na gyaɗa kai.

"Kuna ciki?"

Na sake gyaɗa kai.

Ya jawo wayar, ya duƙa a kanta ya yi nazari kamar yadda ya saba, ya kauce wa cin da ke gabansa, ya matsa tsinke ɗaya. Ya naɗe ta cikin tsummanta. Da suka kai ƙofa ya juyo ya ce, "Ɗiyata, ke da kika ganin ciki, hwaɗa min. Ya bar sallamar don ya gaji, ko don babu shi?"

Na'urar tana rubuta wanda ya ƙwanƙwasa, ba ta rubuta dalilin wanda ya daina.

Cikin makon nan wasanni da dama suka farfaɗo. Na hau mota na bi kasuwannin Malbaza da Illela da Badagishiri, rumfa-rumfa wurin masu sharji, ina gaya musu ƙofa ta buɗe, su gaya wa mutanensu. A nan na ji irin ɓarnar da na yi. Wasu sun sayar da wayoyinsu a banza don sun ɗauka sun lalace, wasu an goge musu komai garin gyara, makullin ya tafi. Wani mai sharji a Malbaza ya ce mini, "Madam, da kun aiko muna ko da saƙon murya guda, da kasuwa ɗaya ta isa kowa ya ji." Haka ne kuwa. Sanarwar kwana arba'in ɗina da harsuna biyu ba ta kai darajar wannan saƙon guda da ban aika ba.

Makullin Isuhu bai sake bayyana ba. Na sa wa na'urar alama ta sanar da ni duk ranar da ya taɓa ƙofa. Na bi adireshin rezon da yake shigowa ta kansa, bai nuna mini komai ba sai ƙasar da muka riga muka sani. Mun ba masu dawowa daga can sunansa da kamanninsa, ba wanda ya gan shi. Mai yiwuwa ya ɗauka wayar ce ta mutu ya jefar. Mai yiwuwa an kama shi a lungun ranar da ya daɗe yana gwadawa. Mai yiwuwa ya ɗauka ubansa ne ya rasu, ya yanke ƙauna ya shiga sahara da ƙafa. Ba wanda ban auna ba a cikin waɗannan, kuma duk wanda na ɗauka sai in iske hannuna a ciki.

Abin da aikin nan ya koya mini ba shi da yawa, amma da tsada na saye shi. Mu masu gyaran na'ura muna son tsabta, muna son mu ga tsohon abu ya kau, kuma mukan kira wannan ci gaba. Ba na ce kada a taɓa rufe ƙofa ba, wata rana dole ne. Amma wanda ke riƙe da tsohuwar waya ba don taurin kai yake riƙe da ita ba, kuma shi ne wanda muryarsa ba ta isowa zauren shawararmu. In kun ga abin da ba ku gane ba a cikin na'ura, kada ku yi saurin ce masa shara, ku tashi ku je ku tambayi mutane. Kuma ranar da kuka rufe, ku zauna a bakin rajistar waɗanda aka hana, ku duba ta a ranar, ba bayan kwana goma sha uku ba. Da na duba ta ranar Talata, da yanzu ba na ba ku wannan labari.

Bara, bayan an cire albasa, Zainabu ta dawo ita kaɗai. Baba Ummaru ya rasu da damina, wayar tana hannunta. Ta ce danginta sun kai maganarta gaban malamai, don ba a san ko matar aure ce ko mai takaba ba. Malaman sun ce kafin a yanke komai sai an kawo shaidar rana ta ƙarshe da aka tabbatar mijin yana raye. An bincika duk garin, ba mai wannan shaida sai buronmu.

Na jawo takarda mai hatimi na rubuta ranar da sa'ar, na rubuta cewa wayarsa ta nemi shiga ba ta samu ba. Na karanta mata don ba ta karatu. Ta ce, "Madam, in sunka tambaye ni mi yah hana ta shiga fa?"

Na karɓi takardar na ƙara layi ɗaya a ƙasa, cewa ma'aikaciyar buro ce ta rufe ƙofar, na rubuta cikakken sunana, na sa hannu. Ta ninke ta huɗu ta ƙulle a bakin zanenta, ta yi mini godiya, ta fita neman motar Badagishiri. Godiyar nan ta fi mini komai ciwo.

Ga takardarku nan, ku ɗauka. Ku je ku zagaya rumfunan masu sharji, ku dawo mini da sunayen mutanen da ke kan zubi na uku da abin da ya riƙe su a kai. Sannan mu yi maganar sa hannu.